Inda Wutar Take Zurarewa: Goman Ƙarshen Azumi a Gozaki

Alhamis, 20 ga azumi (20 ga Maris, 2025)

Tunda aka rufe makarantu a Jihar Katsina saboda azumin bana, na tattaro na dawo gida Gozaki. Yau bayan la'asar Yaya ya aika a kira ni shagonsa. Firizar da ya saya don ƙanƙara da zoɓo da ruwan leda ta ƙi yin aikin da aka saye ta dominsa. Da zarar injinta ya yunƙura zai tashi, sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Da rana ma takan yi haka, da dare kuwa ba a magana. A watan da kowane gida ke neman ruwan sanyi kafin a kira magariba, shi ruwansa ɗumi-ɗumi.

Kayan nasa ba su da yawa. Farantin sola biyu, kowanne an rubuta masa wat 150, sai batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya-awa 200, da kwantirola irin mai sauƙin kuɗi, da inbata mai wat 1000. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago, shi ya sa daga Kafur zuwa Malumfashi da wuya ka wuce layin shaguna ba ka hangi faranti a kan kwano ba.

Wanda ya haɗa masa kayan ya ce batir ne ya yi kaɗan, a ƙaro ɗaya. Kuɗin batir kuwa buhunan masara ne ba ɗaya ba, ba biyu ba. Yaya ya ce, "Malam, kai da kake koyar da wannan abu, duba mini kafin in taɓa hatsin gidan nan." Na ce ya dakata tukuna, a auna. Ina da mita biyu: ƙaramar da ke auna bolt da om, da mai baki wadda ake maƙalawa a jikin waya ta faɗi amfiya ba tare da an yanke wayar ba.

Juma'a, 21

Autar Yaya tana aji biyu na babbar sakandare. Da ta ga mita a hannuna ta ce, "Baffa, ai mun yi wannan. V daidai take da I sau R." Ta kawo shi tiryan-tiryan. Na tambaye ta ko ta taɓa riƙe mita. Ba ta taɓa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san ba ita kaɗai ba ce: yaranmu suna haddace wannan doka saboda WAEC da NECO, su ci jarrabawa, su dawo gida su tarar da waya na ɗumi a bango ba su san cewa darasinsu ne ke aukuwa a gabansu ba.

Muka zauna a zaure bayan sallar Juma'a, na kwatanta mata da tiyon ban ruwa a fadama. Ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa a cikin tiyo, shi ne amfiya. Ƙuncin tiyon da tsawonsa, waɗanda ke hana ruwa gudu yadda yake so, su ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Daga nan lissafi biyu ne kawai muke bukata a makon nan. Ka raba bolt da amfiya, ka sami om. Ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat, wato yawan aikin da wutar ke yi a wannan lokacin, ko yawan zafin da take zubarwa.

Mutumin da ya gano na farkon, Georg Ohm, malamin makaranta ne a birnin Kolon na Jamus. Mahaifinsa maƙerin makullai ne, Ohm kuma da kansa yake shirya wayoyin da yake gwaji da su, masu tsawo dabam-dabam da kauri dabam-dabam. Ya buga littafinsa a 1827, manyan masana na ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar yabo ta Copley. Na gaya wa Auta wannan ne don ta san cewa dokar daga auna waya ta fito, ba daga allo ba.

Don ta saba da mita, na ba ta wani tsohon ƙwan fitila mai zare, mai wat 60, ta auna shi a sanyi. Ta sami om 65 ko kusa da haka. A lissafi kuwa, ƙwai mai wat 60 a kan bolt 230 yana jan amfiya 0.26, turjiyarsa ta kai om 880. Ta ce mitar ta lalace. Mita lafiyarta lau. Zaren ne idan ya yi ja turjiyarsa ke ninkuwa fiye da sau goma. Na kuma ja mata kunne a kan abu ɗaya: ba a auna om a jikin abin da ke da wuta, sai an cire shi.

Asabar, 22

Farantan suna kan rufin zauren gida, batir kuma yana shago, tsakaninsu mita 15 na tafiya. Wuta sai ta je ta dawo, saboda haka wayar da take bi mita 30 ce. A jikin robar wayar an rubuta 2.5, wato kaurin ƙarfen cikinta.

Da rana ta take, sama ba gajimare, na hau tsani. Kwano ya yi zafin da ba a dafa shi da tafin hannu. A bakin faranti na sami bolt 16.6. Auta tana shago, ta ɗaga murya ta ce a bakin kwantirola bolt 13.0 ne, amfiya 10.

Na sauko muka zauna da takarda. Bolt 3.6 sun ɓace a hanya. Ta raba 3.6 da 10, ta sami om 0.36, turjiyar wayar ke nan. Sannan ta ninka: abin da ya baro faranti wat 166, abin da ya iso shago wat 130. Wat 36 sun tsaya a cikin waya sun zama zafi. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da Yaya ya biya kuɗi rana ta ba shi yana ƙarewa wajen ɗumama katanga.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar fahimtarwa. Faranti irin wannan yana ba da mafi kyawun aikinsa a wajen bolt 18, amma wannan adadi na faranti ne mai sanyin digiri 25. Kowane digiri da ya ƙaru, bolt ɗinsa na ɗan raguwa. A ranar Maris ta Gozaki, a kan kwano, sai ya sauko wajen 15.5 ko 16. Batir kuma ba ya cika sai an kai shi wajen bolt 14.4. To, idan waya za ta ci uku da ɗoriya, faranti sai ya tura fiye da 17 kafin batir ya ga 14.4, kuma mai zafi ba zai iya haka da amfiya mai yawa ba. Yana matsawa sama, amfiyarsa na zubewa. Shi ya sa faranti biyu da ya kamata su ba da amfiya 14 ko 15 suke ba da 10, shi ya sa kuma batirin nan bai taɓa cika ba tun da aka kawo shi. Batirin ruwa ko na jel da ke kwana ba a cike ba kullum, ba ya daɗewa.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Jan ƙarfe na gaskiya mai kauri 2.5 yana da turjiyar wajen om 0.007 a kowace mita. Mita 30 ya kamata su ba da 0.21. Mu kuwa 0.36 muka samu.

Lahadi, 23

Bayan asuba na kwance bakin wayar, na kankare silin guda da wuƙa. Ja ne a waje, fari a ciki. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Turjiyar alminiyom ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, kuma idan ka yi lissafi da ita za ka sami om 0.34, sauran ɗan abin kuma mahaɗai ne da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Lissafi ya nuna irin ƙarfen da ke cikin roba tun kafin wuƙa ta taɓa shi.

Alminiyom ba laifi ba ne. Manyan layukan wuta da ke kan turaku da shi ake yin su, amma ana ba shi kaurin da ya dace kuma ana kiransa da sunansa. Laifin shi ne a rufe shi da ja a sayar wa mutumin ƙauye a kan kuɗin jan ƙarfe. Wannan ha'inci ne, kuma irin ha'incin da ke iya ƙone shago, domin bakin alminiyom yana yin tsatsar da ba ta barin wuta ta wuce sosai, mahaɗa ta yi ta zafi.

Da hantsi mai haɗa solar ya zo. Yaro ne mai ladabi da zafin nema, a hannun maigidansa ya koyi aiki, kuma shi ma a kan jan ƙarfe ya sayi wayar. Na nuna masa takardar Auta. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, mu bolt kaɗai muke dubawa. In mita ta ce 12 da wani abu, sai mu ce akwai wuta." Na ce, "Injiniya, bolt ba tare da amfiya ba rabin magana ne. Waya ko sili ɗaya ce za ta nuna maka bolt cikakke in ba a jan komai. Sai an ɗora kaya gaskiyarta take fitowa." Ya roƙi a kwafa masa lissafin. Auta ta kwafa masa da kyakkyawan rubutu.

Litinin, 24

Yau muka koma kan ƙarar inbata. Tsakanin batir da inbata akwai waya siririya mai tsawon mita biyu kowane gefe, da maƙalai irin na cajin batirin mota, kan batirin kuma ya yi farin gari.

Idan firiza na tafiya daidai, tana jan amfiya 10 daga batir a kan bolt 12.2, wato wajen wat 120 har da abin da inbata ke ci. A gefen batir na auna da gangan, domin a gefen 230 injin firiza ba ya bin lissafin nan kai tsaye, ninka bolt da amfiya yakan ba da adadin da ya fi aikin gaskiya. A kan batir 12.2, a bakin inbata 11.8. Ragin 0.4 a kan amfiya 10, om 0.04 ke nan. Yaya ya ce wannan ai ba komai ba ne.

Ba komai ba ne sai lokacin tashi. Injin firiza idan zai tashi yana fizgar ninki biyar ko fiye na abin da yake ci, na ɗan ƙiftawar ido. Amfiya 50 sau om 0.04, bolt 2 sun tafi. Batirin da dama ba a cike yake ba shi ma ya ɗan durƙusa, sai inbata ta ga ƙasa da 10.5, wanda a nan ne irinta ke ɗaukewa don kare batir. Ba ta lalace ba, aikinta take yi.

Ga kuma abin da James Joule ya gano a Manchester wajen 1840: zafin da waya ke yi yana bin amfiya ne sau kanta. A amfiya 10 wayar nan tana zubar da wat 4. A amfiya 50 ba wat 20 za ta zubar ba, wat 100 ne. Wannan ne ya sa haɗin bolt 12 ba ya yafe wa siririyar waya ko sakwarkwacen noti. Kuma babu fiyus ko ɗaya a kan batirin. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir irin wannan in bakinsa biyu suka haɗu zai saki ɗaruruwan amfiya, ya narkar da sifana, ya kunna wa shago wuta.

Talata, 25

Na tafi Funtua sayen waya. A shagunan kayan wuta na yi abin da ya kamata kowa ya riƙa yi: na ce a yanko ɗan baki in kankara, na kuma ɗaga nadin in ji nauyi. Jan ƙarfe ya fi alminiyom nauyi fiye da sau uku, hannu ma yana ganewa. Wanda ke da mita yana iya auna nadi guda daga baki zuwa baki: mita 100 na 2.5 na gaskiya wajen om 0.7 ne, na bogi ya haura 1, bayan an cire ɗan abin da wayoyin mitar kansu ke nunawa. Mai shagon da na saya a wurinsa bai ɓoye komai ba. Ya ajiye iri biyu, ya faɗi sunan kowanne da kuɗinsa, ya ce mutane ne ke zaɓar mai araha saboda ba wanda ya taɓa gaya musu bambancin.

Da a ce za a bar faranta a zaure, sai an sayi mita 30 na mai kauri 10, kuɗi mai yawa. Na zaɓi a dawo da su kan rufin shago. Mita 8 na mai kauri 6 sun isa, sai mita 2 na mai kauri 16 don inbata, da kawunan waya na ɗaurewa da noti, da fiyus biyu.

A hanyar dawowa na daɗe ina kallon dogayen turakun ƙarfe na layin da ya taso daga Kaduna ta Zariya ya biyo Funtua ya nufi Gusau. Bolt 132,000 yake ɗauka, manyan layukan ƙasa kuma irin na Kainji da Shiroro 330,000. Dalilin shi ne dai lissafin da ke takardar Auta. Tunda wat bolt ne sau amfiya, in ka ɗaga bolt sama ƙwarai sai amfiya ta yi kaɗan, asarar waya kuma ta faɗi ninki-ba-ninki. Wutar gari guda tana tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan wannan dabara, wutar Yaya kuwa ta gaza tafiyar mita 15 saboda tana tafiya a kan bolt 12.

Laraba, 26

Aiki tun bayan asuba, kafin kwano ya ɗau zafi. Injiniya ne ya yi hawa da ɗauri. Muka wanke faranta, ƙurar hunturu ta yi musu lulluɓi. Muka goge kan batir da ruwan zafi da samfefa, muka ɗaure komai da noti, fiyus dab da batir. Kafin azahar ƙishirwa ta sa kowa ya nemi inuwa.

Alhamis, 27

Tsakar rana, awo iri ɗaya da na Asabar. Bakin faranti bolt 14.0, bakin kwantirola 13.7, amfiya 14. Turjiya ta sauko wajen om 0.02, asara wat 4 a maimakon 36. Abin da ke isowa shago wat 190 da 'yan kai, a da 130. Ba a ƙara faranti ko ɗaya ba. Firiza ta tashi, ta tsaya, ta sake tashi, inbata ba ta ce uffan ba.

Yaya ya yi ta hamdala, har ya ce a bar ta ta kwana tana aiki. A nan ne dole na faɗa masa abin da ba zai so ji ba. Rana mai ƙarfi da za a iya lissafawa da ita wajen awa biyar ce a yini, domin ta safe da ta yamma ba su cika ba. Wat 190 sau awa 5, wat-awa 950. Firiza mai cin wat 120 za ta cinye wannan a awa 8 na aiki, ga kuma cajin wayoyin mutane da fitilar shago. Batirinsa a rubuce yana ɗaukar wat-awa 2,400, wato 12 sau 200, kuma rabin wannan kaɗai ya kamata a riƙa taɓawa in ana so ya yi shekaru. Amma batir ba ya samar da wuta, ajiya kawai yake yi. Wanda yake da shi ma faranta biyu ba sa iya cika shi alhali firiza na ci. Da ya sayar da masara ya sayi na biyu, da yanzu yana da batir biyu da ke kwana da yunwa, su mutu tare.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, me za a saya?" Na ce faranti, in Allah ya hore. Ɗaya yanzu zai taimaka, in dai kwantirolar za ta ɗauki amfiyarsa, sai an duba abin da aka rubuta a jikinta. In kuma harka ta buɗe har ta kai faranti huɗu, a koma bolt 24: aiki ɗaya, rabin amfiya, rubu'in asara. Sai dai wannan yana bukatar batir biyu da wata inbata, ba maganar bana ba ce.

Muka tsara a kunna firiza daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma, a daina yawan buɗe ta, a cika ta da ruwan da ya kwana a randa ba wanda rana ta dafa a jarka ba. Ruwa da zoɓo masu sanyi zai samu. Ƙanƙara mai yawa sai an ƙara faranti.

Juma'a, 28

Matar Yaya ta fito da dutsen guga na lantarki, kayan sallar yara sun dawo daga wurin tela. Ta ce tunda an gyara wuta, kuma inbata wat 1000 ce, dutsen ma wat 1000, ai sun yi daidai. Na bar Auta ta amsa. Ta auna dutsen a sanyi, om 53. A kan bolt 230 zai ja amfiya 4.3, ba wani abin tsoro ba. Amma inbata daga batir take ɗebowa, 1000 a raba da 12, amfiya 83, da abin da ita kanta take ci ya haura 90. Ta ce, "Umma, gugar rabin awa za ta iya cinye fiye da rabin abin da rana ta ba mu yau." Aka hura gawayi aka ɗauko dutsen guga irin na da.

Wani maƙwabci da ke zaune ya tambayi dalilin da ya sa in wutar gari ta zo da rauni dutsen guga ba ya zafi sam, ko da yake fitila na kamawa. Muka lissafa tare. In bolt ya sauko 160, om 53 za su bar amfiya 3 kawai, 160 sau 3 kuma wat 480. Bolt ya ragu da ƙasa da sulusi, zafi ya ragu da fiye da rabi. Na ƙara masa da cewa abu mai inji, kamar firiza ko famfon rijiyar burtsatse, akasin haka yake yi: in wuta ta yi rauni sai ya kasa juyawa sosai, ya ƙara jan amfiya, naɗin cikinsa ya ƙone. Gara a kashe shi har wuta ta daidaita. Na kuma gargaɗi yaran da ke wurin game da taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Jikin da ya jiƙe turjiyarsa na iya saukowa wajen om 1,000, bolt 230 kuma a kan haka ya tura kusan rubu'in amfiya ta cikin mutum, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba ma yana iya tsayar da zuciya.

Asabar, 29

Ana ta duban wata. Kafin la'asar zoɓon Yaya ya ƙare, ruwan leda ma saura kaɗan. Da yamma, bayan an kashe firiza batir ya huta, Auta ta auna shi 12.5. Bai cika ba, kuma na gaya wa Yaya ranar salla, tunda shago a rufe yake, a bar faranta su yi wa batir aiki shi kaɗai daga safe har yamma, a kuma riƙa ba shi irin wannan yini lokaci-lokaci.

Na bar wa Auta ƙaramar mitar da littafi mai layi. Za ta riƙa rubuta bolt ɗin batir da asuba da kuma bayan magariba, da amfiyar da kwantirola ke nunawa da tsakar rana. In damina ta faɗi gajimare ya rage rana, daga littafin za a san awa nawa za a rage wa firiza. Injiniya ya ce bayan salla akwai wani manomi a hanyar Kafur da famfon solarsa ke kasa ɗago ruwa, wayarsa ta kusa mita 40 daga faranti zuwa bakin rijiya. Mun shirya mu je ranar Laraba da safe, shi zai riƙe mita, ni in riƙe takarda.